Na dawo gida hutu da labarin da ban faɗa wa kowa ba

Ɗalibar Aji Uku:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina bin hirarku ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Kwanana biyar da dawowa gida hutun ƙarshen shekara. Gidan ya cika maƙil, yayata ta zo da 'ya'yanta uku, ƙanin Babanmu ya zo da iyalinsa, har a falo ake kwana. Kowa na ta murna, ni kuwa zuciyata a cunkushe take.

A gidanmu, daren ƙarshe na shekara Baba yakan tara mu bayan an ci abinci. A fara daga ƙarami har zuwa babba, kowa ya faɗi abin da ya samu a shekarar da abin da ya kuɓuce masa, shi Baba ya rufe. Shi ya ƙirƙiro abinsa tun muna firamare. Da can ni ce na fi kowa ɗokin daren, don kullum ina da abin faɗa. Bana na faɗi kwas biyu, ɗaya ma sai an ci shi ake ɗaukar na gaba, saboda haka mai yiwuwa in ƙara shekara guda a makaranta. Ranar da na iso Baba ya tambaye ni ya karatu, na ce alhamdu lillahi, ya dafa kaina ya ce haka yake so. Tun ranar ban iya haɗa ido da shi ba.

Ga shi gidan ma ya zame mini kamar na wasu. An ba ƙanwata gadona, littattafaina suna cikin kwali a ƙarƙashinsa. Jiya na yi ta neman kofi a inda na san ana ajiyewa, ashe an sauya wuri tun watanni. 'Yar yayata mai shekara huɗu ta tambaye ni yaushe zan koma gidanmu.

Saura kwana huɗu. In faɗa a gaban kowa a daren, ko in yi shiru sai na koma in kira shi a waya? Don Allah a ba ni shawara.

Yaya Babba:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ko ɗaya ba haka ba. Kada ki faɗa a gaban taro, kada kuma ki bari sai a waya. Samu Baba shi kaɗai kafin daren. Uba yana iya haɗiye labari mara daɗi. Abin da yake masa wuya shi ne ya ji shi lokaci guda da ƙaninsa da surukinsa, kowa na kallon fuskarsa a ga yadda zai yi.

Autan Gida:
Ni ban yarda ba, Yaya. Sau ɗaya a shekara mutanen nan suke haɗuwa, wasu sun yi doguwar tafiya. Mene ne amfanin jefa musu damuwa ana tsakiyar farin ciki? Sakamakon nan ba zai sauya ba ko an faɗa yau ko an faɗa mako mai zuwa. Ta bari baƙi su watse, gida ya lafa, sannan ta zauna da iyayenta. Haka na yi lokacin da abin ya same ni, kuma har yau ban yi nadama ba.

Yaya Babba:
To idan layi ya zo kanta a daren fa, me za ta ce? Ka ga matsalar. Ko ta yi ƙarya a gaban yaran da suke koyi da ita, ko ta faɗi rabin magana. In Baban ya ji gaskiya daga baya, wannan daren zai fara tunawa.

Uwar Shida:
'Yata, bari in yi miki magana daga ɓangarenmu na iyaye, tunda mu ake jin tsoro.

Da farko, ina kyautata zaton mahaifiyarki ta riga ta san akwai abin da ke damunki. Mu daga yadda yaro yake cin abinci muke ganewa. Tana jira ne ki zo.

Ɗana na biyu ya taɓa ɓoye mana irin wannan. Nasa ya fi naki, sallamarsa aka yi daga sashen, ya ci gaba da tafiya makaranta kamar ba komai, ya dawo hutu biyu yana dariya da mu. Shekara guda cur. Ranar da muka sani, wallahi ba faɗuwar ce ta sa ni kuka ba. Na tuna daren da na tashi na yi masa addu'ar jarrabawar da ba zai zauna ba, shi kuma yana kwance a ɗaki yana jina, shi kaɗai da abin a ransa. Wannan ne ya daɗe bai bar ni ba. Yanzu ya gama wani karatun, yana aikinsa lafiya, amma har gobe in na tuna shekarar nan sai in tambayi kaina me muka yi da ya sa ya ga ba zai iya zuwa wurinmu ba.

Autan Gida, ka yi haƙuri ɗana, farin cikin da kake so a kare mana ba mu gode masa in muka gano abin da ke ƙarƙashinsa.

Autan Gida:
Allah ya ƙara girma, Mama. Na ji, kuma maganarku ta shige ni. Amma ba duk iyaye ne kamar ku ba. Akwai uban da in ya ji, gidan gaba ɗaya sai ya kwana uku ba mai motsi. Ita ta san nata.

Tsohon Lakcara:
Shekara talatin na yi ina koyarwa, kuma ba zangon da ya wuce ban zauna da ɗalibi mai irin wannan damuwa ba. Abu biyu zan ce.

Na ɗaya, kada ki je wurin mahaifinki da kuka kawai. Ki je da lissafi. Wane kwas ne, me ya kayar da ke, yaushe za a sake bayar da shi, in an ƙara shekarar kwas nawa za ki ɗauka a cikinta, me hakan zai ci wa gida. In ba ki da amsar wani, rubuta wa malamin da ke kula da ajinku tun yau. Iyaye sun fi tsoron abin da ba su san iyakarsa ba.

Na biyu, na lura kin auna shekarar gaba ɗaya da abin da ya zo a ƙarshenta. Wannan halin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ne, an kuma gwada shi. A 1993 Daniel Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2002, shi da abokan aikinsa sun sa mutane su tsoma hannu a ruwa mai sanyin digiri 14 na tsawon daƙiƙa 60. A wani zagayen suka yi daƙiƙa 60 ɗin, aka ƙara musu 30 ana ɗan ɗumama ruwan zuwa digiri 15. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, yawancinsu suka zaɓi mai tsawon, alhali ya fi wahala, saboda ƙarshensa ya fi sauƙi. Abin da ya fi tsanani da abin da ya zo ƙarshe su zuciya take riƙewa, sauran ta watsar. Wata goma sha biyu kika yi. Zauna da takarda ki bi su ɗaya bayan ɗaya, daga Janairu. Za ki tarar da abubuwan da kwas biyun nan suka rufe.

Mai Gaskiya:
Ku gafarce ni, amma ni tushen abin nake tuhuma. Mene ne a daren 31 ga Disamba da za a tara yara kowa ya kawo rahoto kamar ma'aikata? Rana ce kamar kowace. Wannan zaman shi ya jefa yarinyar nan cikin hali. An saba mata cewa sai da nasara ake buɗe baki.

Mai Tarihi:
Rabin maganarka gaskiya ce, Mai Gaskiya. Ranar ba ta da wani sirri, mutane ne suka ajiye ta. Rumawa sun mayar da ranar kama aikin shugabanninsu 1 ga Janairu a shekara ta 153 kafin haihuwar Annabi Isa, Julius Kaisar ya gyara kalandar a ta 45. Fafaroma Gregory na 13 ya sake gyara ta a 1582, inda aka kwana 4 ga Oktoba aka wayi gari 15 ga wata. Ingila ba ta bi ba sai 1752, kuma kafin nan shekararsu ta hukuma 25 ga Maris take farawa. Har yanzu Habasha a Satumba take shiga sabuwar shekara, wata goma sha uku gare su. Iran a Maris, Sin tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu. Shekarar Hijira kuwa kwana 354 ce ko 355, shi ya sa farkonta yake matsowa da kusan kwana 11 duk shekara.

Amma duba da kyau. Sun saɓa a kan ranar, ba wanda ya ce ba ya bukatar ranar. Kowace al'umma ta tsayar da wani lokaci da za a dakata a waiwaya. Mahaifinta ya zaɓi daren nan ne, ina jin, don shi ne lokacin da makarantu suke rufe, 'ya'yansa duka suna gabansa.

Mai Gaskiya:
Waiwaye ban ƙi shi ba. Mutum ya yi wa kansa hisabi kullum kafin ya kwanta, haka aka koya mana. A gaban jama'a ne ban yarda ba. Yaron da ya ci zai yi ta zuba, wanda ya faɗi ya sunkuyar da kai.

Ɗalibar Aji Uku:
Na gode ƙwarai, ina karanta kowace amsa. Malam Mai Gaskiya, in ban kare Babana ba ban yi adalci ba. Bai taɓa cewa sai nasara za a faɗa ba. Kullum cewa yake abin da ka samu da abin da ya kuɓuce maka. Mu ne muka mayar da rabi na biyun wasa, wannan ya ce agogonsa ya ɓata, wancan ya ce ƙungiyarsa ta ƙwallo ta sha kashi. Yanzu da nake tunani, ba wanda ya taɓa faɗin abu mai nauyi a cikinmu.

Baba Lakcara, na yi abin da kuka ce. Na cika shafi biyu. Na manta ma cewa a watan Maris na yi mako uku ina jinyar abokiyar ɗakina, kuma a lokacin ne na fara rasa darasin kwas ɗin da ya kayar da ni. Ba uzuri nake nema ba, na yi sakaci daga baya. Amma na ga inda abin ya faro.

Wani abu kuma. Da safen nan na ga Baba yana karanta takardar magani, ya miƙa hannunsa can nesa yana ƙanƙance ido, daga baya ya kira ƙanina ya karanta masa. Furfurarsa ta ƙaru sosai. Wata tara kawai na yi ban gan shi ba.

Nas Mai Aikin Dare:
Ƙanwata, miƙa takarda nesa ba abin tsoro ba ne shi kaɗai. Daga shekara 40 zuwa sama ido yakan rage iya ganin abu na kusa, tabarau na karatu yana magance shi. Amma tunda kin ce takardar magani ce, ki tambayi Mama maganin mene ne. In na suga ne ko na hawan jini, to ya kamata a duba cikin idon, don su biyun suna taɓa jijiyoyinsa. Haka cutar idon nan gilakoma, tana cin gani a hankali ba tare da ciwo ba, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Kina gida yanzu, ke ce za ki iya lallaɓa shi ya je.

Uwar Shida:
Kin ga abin da nake nufi? Ke kina ɓoye naki, wataƙila shi ma yana ɓoye nasa. Ku da kuke makaranta kuna dawowa ne kuna jiran a tambaye ku. Ba na tuna ranar da ɗaya daga cikin nawa ya dawo hutu ya ce Mama, ke ya taki shekarar ta kasance. Gadon da aka ba ƙanwarki da kofin da aka sauya wa wuri, gidan ne yake ta tafiya ba ki nan. Tambayi abin da ya faru a cikinsa.

Malamin Lissafi:
Bari in sa lamba a maganar Mama. Ɗalibin da yake zuwa gida mako biyu sau biyu a shekara, kwana 28 ke nan. A shekara huɗu, kwana 112. Bai kai wata huɗu ba. Cire barcin safe da ziyarar abokai da awannin da ake kan waya, ka ga abin da ya rage na zama da iyaye.

Autan Gida:
To shi ke nan, na sauka daga kan bakana, ta faɗa kafin daren. Amma don Allah kada ta je tana yi wa Baba alkawuran sabuwar shekara, zan riƙa karatu awa kaza, zan ajiye waya. Kowa ya san ba sa kai Fabrairu.

Tsohon Lakcara:
Ba duka ba, ɗana. John Norcross na Jami'ar Scranton a Amurka ya bi mutum 200 da suka ɗauki irin wannan ƙuduri har shekara biyu. Kashi 77 cikin ɗari sun riƙe na mako guda, kashi 19 ne suka kai shekara biyun. Ka ga da yawa sun zube. Amma a wani bincikensa na 2002, bayan wata shida kashi 46 na waɗanda suka ɗauki ƙuduri suna kan bakansu, waɗanda suke son sauyin amma ba su ƙudurta ba kuwa kashi 4 kacal.

Wanda ya fi dacewa da 'yata shi ne na Peter Gollwitzer a Jamus, a 1997, kuma a kan ɗalibai masu tafiya gida hutu aka yi shi. An ce kowa ya rubuta yadda ya yi jajibirin Kirsimeti cikin kwana biyu, sannan ya aiko. Rabinsu an sa su faɗi tun kafin su tafi a ina za su zauna su rubuta, da wane lokaci. Kusan bakwai cikin goma na waɗannan sun rubuta a kan lokaci, sauran kuwa kusan uku cikin goma. Niyyarsu ɗaya, bambancin shi ne wasu sun yanke wuri da lokaci.

Saboda haka 'yata, "zan faɗa masa" bai isa ba. Wace rana, ƙarfe nawa, yana ina, kuma da wace jimla za ki fara?

Ɗalibar Aji Uku:
Gobe da sassafe, lokacin da yake wanke mota kafin yara su tashi. Zan ce, "Baba, ranar da kuka tambaye ni karatu ban faɗa muku gaskiya ba." Ku sa ni a addu'a.

Yaya Babba:
Allah ya ba ki ƙarfin zuciya. Muna jiran ki.

Mai Kula da Zaure:
Kwana uku ke nan ana ta tambayata a gefe. 'Yar'uwa, in kina da hali ki leƙo, ko da kalma ɗaya ce.

Ɗalibar Aji Uku:
Ku yi haƙuri, gidan ne bai bar ni na riƙe waya ba.

Na faɗa masa. Na fito na karɓi bokitin ina zuba masa ruwa, na yi jimlar nan kamar yadda na rubuta, sauran kuma suka biyo a hargitse. Bai daina goge gilashin ba har na gama. Sai ya ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce tun Oktoba. Ya matse tsumman, ya ce, "Wata biyu ke nan kina ɗauke da shi." Na miƙa masa takardar lissafin, ya juya ta, ya miƙo mini ya ce in karanta masa. Ya yi tambaya uku, duk a kan kuɗin ƙarin shekarar. Ransa ya ɓaci, na gani, kuma yinin ranar bai yi mini magana sosai ba.

Mama ce ma ta fi yin faɗa. Ta ce tun daren da na iso ta san da magana, ta yi ta ba ni hanya ina zillewa, sannan na tsallake ta na je wurin Baba. Har yanzu ba ta gama hucewa ba. Mama Uwar Shida, kun faɗa.

A daren, da layi ya zo kaina, na faɗa a taƙaice. Falon ya yi tsit. Ƙanin Baba ya fara cewa ai yaran yanzu waya ce ta cinye su, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce an riga an yi wannan maganar. Ƙanina da ke bi na ya riga ya yi nasa, amma ya ce a ba shi dama ya ƙara, ya faɗi cewa shi da babban abokinsa sun yi wata biyar ba sa magana kuma laifinsa ne. Ban taɓa jin ya yi magana haka ba.

Da aka zo kan Baba, ya ce abin da ya samu bana jika ne, abin da ya kuɓuce masa kuma lafiya. Tun watan Yuni likita ya ce masa yana da suga, Mama kaɗai ta sani, ya hana a faɗa mana don kada hankalinmu ya rabu a makaranta. Ya dube ni ya ce ashe shi ma wata shida ya yi. Yayata ta yi ta kuka.

Malam Mai Gaskiya, ban sani ba ko wannan ya sauya ra'ayinku.

Mai Gaskiya:
Bai sauya duka ba. Da ba ki same shi da safen nan ba, da daren ya zo da wani abu dabam. Amma mahaifinki ya yi abin da ban zata ba, Allah ya ba shi lafiya.

Ɗalibar Aji Uku:
Amin, na gode. Anti Nas, ya yarda, jibi zan raka shi asibitin ido kafin in koma ranar Lahadi. Ya ce shi zai tuƙa mu. Akwai abin da ya kamata mu shirya?

Nas Mai Aikin Dare:
Kada ya tuƙa. Mai suga yawanci sai an ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido don a ga can ciki, kuma gani yakan yi dishi-dishi na wasu awanni, haske ya riƙa damunsa. Ku samu wanda zai kai ku ya dawo da ku, ku riƙe baƙin tabarau. Ya ci abincinsa ya sha maganinsa kamar kullum, ku tafi da duk kwalayen magungunan da takardar gwajin sugansa na ƙarshe. Ki riƙe biro, ki rubuta ranar da suka ce ya dawo, ki ba ƙaninki ya ajiye tunda ba za ki kasance a gida ba.